Ku Tambayi Kawu: Laburaren shugaban ƙasa, a tsaya ko a wuce?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan watan kamar an haɗa baki, wasiƙu har uku suka zo min kan abu ɗaya, ɗaya daga Aboabo ɗaya daga Asawase ɗaya daga nan Nima inda nake zaune, sai ta huɗu wadda tsokana ce kawai amma na saka ta don ta bani dariya. Masu tambaya kan faɗan masu gida da kuɗin hayan shekara biyu ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ticha ne a Aboabo, Kumasi. Hutun nan ina so in ɗauki iyali, maiɗakina da yara huɗu da Baba wato mahaifina, ya haura tamanin amma da ƙarfinsa Alhamdulillah, mu bi ta Cape Coast mu kwana sannan mu wuce Ankara, wato Accra, wajen suna. Babbar 'yata tace lallai sai mun tsaya a laburaren shugaban ƙasa na Atta Mills, wai a Ankara ma akwai na Nkrumah. Ni dai laburaren da na sani shine inda ake zama a yi karatun jarabawa, toh me zai sa mutum ya tsayar da mota da yara da tsoho don ya je kallon kantar littattafai? Dan Allah ka gaya min gaskiya ko ɓata mai ne kawai.

AMSA: Ƙanena sannu da ɗawainiya, ka gaida Baba da kyau kace ina neman albarka. Yarinyar nan taka ta fi ka gaskiya amma kai ma ba laifinka bane, sunan ne yake ruɗa mutane. Abin da ake kira laburaren shugaban ƙasa ba wajen aron littafi bane, abu biyu ne aka haɗa a gida ɗaya. Na farko rumbun takardu, wato wasiƙun mutumin da jawabansa da hotuna da abin da ya sa wa hannu lokacin yana mulki, wannan na masu bincike ne. Na biyu gidan tarihi inda ake baje kayansa ana zagayawa da baƙi, wannan shine naka da yara. Amurkawa ne suka fara, zan zo kan wannan a amsar Hajiya can ƙasa, mu kwaikwaya muka yi.

Mu fara da hanya. Daga Kumasi zuwa Cape Coast kilomita 200 ne da 'yan kai, ka sa awa huɗu a ranka in da yara ma ka ƙara, ku fita bayan sallar asuba ku bi ta Anwiankwanta, Fomena, ku haye kogin Pra a Assin Praso ku shiga Assin Fosu ku karya a nan. Kar ku wuce Assin Manso baku tsaya ba, wannan nake so ka riƙe ko da zaka manta duk sauran. A nan ne rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a gangara da su bakin teku, kuma da yawansu daga arewa aka taho da su, ta kasuwar Salaga, Salagar nan dai da kakanninmu fataken goro suka sani kamar tafin hannunsu. Ba labari ne mai daɗi ba ga mu 'yan zango amma gara yaran su ji daga bakinka da su ji shi a wajen wani yana musu gori. Daga nan sai Yamoransa, ku sayi dokonon Fantawa a bakin hanya, kun iso kenan.

Shi laburaren Atta Mills yana daura da katafaren gidan bayin nan na Cape Coast, tsallaka titi kawai, toh kaga ba wani mai da zaka ƙona na daban, inda zaka ajiye mota ɗaya ne. Mahama ne ya buɗe shi a watan Yuli 2016, shekara huɗu bayan rasuwar Mills wanda ya rasu ranar 24 ga Yuli 2012 yana kan mulki, shine shugaban Ghana na farko da ya rasu a kan kujera. Mutumin farfesan shari'a ne a Legon, ya riƙe hukumar haraji, yayi wa Rawlings mataimaki daga 1997 zuwa 2001, ya faɗi zaɓe sau biyu kafin ya ci na 2008 da ƙyar, kowa ya tuna yadda aka zuba wa mazaɓar Tain ido don ita ce ta ƙarshe da ta raba gardama. Asalinsa ɗan Ekumfi Otuam ne shi yasa aka kai laburaren yankinsu duk da kabarinsa yana Ankara a Asomdwee Park. Ginin ba wani ƙato bane, kar ka je da tunanin abin da kake gani a talabijin na Amurka, kuma akwai shekarun da ya yi a kulle ana ta cece-kuce a rediyo kan wa zai riƙe shi wa zai biya kuɗin wuta, don haka ka sa wani ɗan uwa na zangon Kotokuraba ya leƙa maka kwana ɗaya kafin ku taso. In a buɗe yake minti 40 ya ishe ku. In kuma kun same shi a rufe baku yi asara ba, gidan bayin kansa zai cinye muku awa biyu, da ramukan ƙarƙashin ƙasa da ƙofar nan da in an fita ba a dawowa, akwai ma allon da Obama da matarsa suka buɗe da suka zo a Yuli 2009 lokacin Mills ɗin ne shugaba. Ku tafi da Ghana Card ɗinku, kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban na baƙo daban. Baba kar a tilasta masa shiga ramukan, akwai duhu da zafi ga ƙasan ba daidai ba, ya zauna sama ya sha iskar teku.

Washegari kilomita 150 ne kusan zuwa Ankara, ta Saltpond da Mankessim da mahaɗar Winneba, sai Kasoa, wadda sunanta ma namu ne, kasuwa ce bakin wasu ya lanƙwasa. Ku yi ƙoƙari ku wuce Kasoa da Mallam kafin la'asar in ba haka ba wlh sunan ma sai an raɗa babu ku.

Na Nkrumah shine wanda zan ce lallai ku je. Yana tsohon filin folo inda ya tsaya daren 6 ga Maris 1957 shi da abokansa sanye da batakari ya shelanta 'yanci. An buɗe wajen a 1992 zamanin Rawlings, nan aka dawo da gawarsa bayan ta kwanta a Gini sannan a Nkroful, don a Bukares ta ƙasar Romaniya ya rasu a Afrilu 1972. Matarsa Fathia 'yar Masar tana gefensa. A Yuli 2023 aka sake buɗewa bayan gyara kuma a gyaran ne aka ƙara ɓangaren laburaren da 'yarka take magana. Akwai mutum-mutuminsa da aka fille wa kai a juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966, gangar jikin a tsaye kan kuma an ajiye shi gefe, yara suna son wannan fiye da komai, ni ma haka.

Yanzu ga abin da yasa nace ka gaida Baba. Duk irin wannan gida, a ko'ina yake a duniya, labarin mutum ne yadda masoyansa suke so a ji, ba ƙarya suke yi ba amma mai gida baya fara nuna wa baƙo inda ɗakinsa yake yoyo. Za a nuna muku madatsar ruwan Akosombo da Tema da babbar hanyar mota ta 1965 da jami'ar Kumasi da karatun kyauta da aka yi wa arewa, duk gaskiya ne kuma ba ƙaramin aiki bane. Amma kai ɗan zangon Kumasi kana da naka labarin. A 1957 ɗin nan dai, 'yan watanni bayan 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kori Sarkin Zangon Kumasi Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya saboda suna jam'iyyar Musulmi ta MAP wadda ta haɗa kai da 'yan adawar Asante, da suka kai ƙara kotu sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a jiki don a rufe maganar. Kafin shekarar ta ƙare aka hana duk wata jam'iyyar addini ko ƙabila. A 1958 aka kawo dokar tsare mutum ba shari'a wadda a ƙarƙashinta jagoran adawa J.B. Danquah ya rasu a gidan yarin Nsawam a 1965. Sannan ba Nkrumah kaɗai ba, kar 'yan ɗaya ɓangaren su yi min tafi, firaminista Busia ne a ƙarshen 1969 ya bada sati biyu duk baƙon da bashi da takarda ya fita, gidaje nawa a Aboabo da Sabon Zango da Nima aka rabu rabin dangi a nan rabi a Kano ko Sakkwato har yau. In Baba ya haura tamanin, toh yana saurayi aka kori Amadu Baba, yana magidanci ko dab da haka aka yi na 69. Ka ba 'yar taka waya ta kunna rikodin tun daga Anwiankwanta ta tambaye shi ina yake ranar da aka kifar da Nkrumah, wa da wa suka tafi a 69, wa ya dawo wa bai dawo ba, gidan wa aka sayar da araha. Da kun shiga wajen shi zai riƙa gyara wa mai zagayawa da ku zance, ka ƙyale shi ya gyara. Ni nawa mahaifin na yi ta cewa gobe gobe har ƙasa ta rufe masa ido, abin da ya rage min akwatin ƙarfe ne da rasit na goro da wasiƙu uku na ajami da gara ta ci rabi.

TAMBAYA: Kawu ina gaisuwa. Mu huɗu ne daga Asawase zamu Kano biki da motarmu, ta Ankara da Legas. Ɗaya daga cikinmu yace a Abekuta akwai laburaren Obasanjo har da namun daji, wai mu ratse. Ni ne direba kuma ban taɓa wuce Aflao ba. Ya hanyar take kuma ya cancanci ratsen?

AMSA: Ɗana Allah ya kiyaye hanya. Ratsen bashi da yawa in kun tsara, don Abekuta tana kan hanyarku ta zuwa Badun in kuka ga dama, ba dole sai kun kutsa tsakiyar Legas ba. Daga Ankara ku bi Tema, Sogakope, Aflao, kilomita 200 ba kaɗan. Kuna ƙetarawa kun faɗa cikin Lome kai tsaye, Togo ta bakin teku kilomita 50 ce da 'yan kai kafin ka gama gyara zama ta ƙare, sai Benin, Kwatano, daga nan ko ku bi Seme zuwa Badagiri ko ku bi ta Fotonobo ku shiga ta Idiroko wadda jihar Ogun ce ma, ita ta fi kusa da inda zaku. Iyaka uku kenan a tafiyar da bata kai kilomita 500 ba, kuma iyakokin su ke cin lokaci ba hanyar ba. Ka haɗa fasfo na kowa, katin allurar shawara wanda ake ce wa yalo kad, takardun mota na asali ba hoto ba, lasin ɗinka na ƙasa da ƙasa, da inshorar ECOWAS. Ku canji sefa tun a Aflao ku riƙe ƙanana, akwai wani shinge da aka taɓa tsayar da ni kusan awa ɗaya ba don komai ba sai don babbar takarda ce a hannuna kuma wai ba canji. Sannan agogo, Ghana da Togo lokacinsu ɗaya, kuna shiga Benin ku ƙara awa ɗaya, mutane da yawa a nan suke ruɗewa da lokacin sallah da lokacin rufe wurare.

Shi wajen na Obasanjo a unguwar Oke Mosan yake, an buɗe shi a Maris 2017 daidai da cikarsa shekara 80, kuma gaskiyar abokinka akwai namun daji, akwai otal, akwai masallaci da coci, fili ne babba a kan duwatsu, namu na nan in ka ajiye kusa da shi kamar kiyos ne kusa da kasuwar Kejetia. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shine kwafin ɗakin kurkukun da aka tsare shi zamanin Abacha daga 1995 zuwa 1998, ka leƙa ka ga ƙanƙantarsa sannan ka tuna shekara ɗaya bayan fitowarsa ya zama shugaban ƙasa. Mutum ne da ya karɓi saranda ta Biyafara a Janairu 1970, yayi mulkin soja daga 1976 bayan kashe Murtala ya miƙa wa Shagari a 1979, ya dawo 1999 zuwa 2007, toh kaga kayan nunawa ba zai yi masa kaɗan ba. Amma ku shiga da sanin cewa tun yana kan mulki a 2005 aka yi gidauniyar ginin, gwamnoni da manyan 'yan kasuwa suka zuba biliyoyin naira, har lauya Gani Fawehinmi ya kai ƙara yana cewa bai dace mai mulki ya tara kuɗi a hannun waɗanda suke neman alfarma wajensa ba. Kuma maganar kisan da sojoji suka yi a Odi da Zaki Biam zamanin mulkinsa da yunƙurin tazarcen 2006 kar ku zaci da su za a tarbe ku a bakin ƙofa. Ku ba shi rabin yini, ku hau dutsen Olumo in da sauran ƙafa, ku kwana a Sabo wajen 'yan uwa ku ci tuwo.

Tunda Kano kuka nufa, ni da zaku ji tawa, in kun iso Kaduna ku tsaya a Gidan Arewa, gidan Sardauna ne kuma yanzu rumbun takardu ne a ƙarƙashin jami'ar Zariya, a Kano kuma ga Mambayya gidan Malam Aminu Kano. Ba a kiransu laburaren shugaban ƙasa amma aikin ɗaya ne kuma sun fi kusa da mu. Ka lissafa ma ka gani, an kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966 aka kifar da Nkrumah 24 ga Fabrairu, kwana 40 cif tsakani. Daga Ilori zuwa sama ban yarda ku yi tafiyar dare ba ko wa ya ce muku hanya lafiya, ku tambayi direbobin tasha da safe ku bi bayan manyan motoci.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni tsohuwa ce a Nima, jikata ce take rubuta min. Ɗana yana Buronks a Niyok ya aiko min in je in ga jikoki. Yace zai ɗauki hutu ya zaga da ni a mota har laburaren wani shugabansu Roosevelt da na Kennedy. Ni turancina na kasuwa ne, me zan gane a can? Kuma an ce min kabari ne a wajen, ni bana son zuwa kabarin wanda ba Musulmi ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, ya yi wa yaron nan albarka da ya tuna uwa tana buƙatar ganin gari ba zaman ɗaki da raino kawai ba. Ki kwantar da hankalinki kan kabari. Na Roosevelt yana can cikin lambun furanni daban da ginin, sai wanda ya nufe shi yake zuwa, kina iya gama kallonki ki koma mota baki bi ta wajen ba. Shi kuwa Kennedy ba a nan ma aka binne shi ba, yana maƙabartar sojoji ta Alintan kusa da Washintan.

Na Roosevelt a wani ƙaramin gari yake Hyde Park a bakin kogin Hadsan, daga Buronks bai kai awa biyu ba, kuma shine uban duk irin waɗannan gidaje. Kafin shi, shugaban Amurka in ya sauka da takardunsa yake tafiya kamar kayan ɗakinsa, wasu magada su sayar wasu su ƙone wasu ɓera ya ci. Shi ne a 1939 ya bada nasa ga gwamnati, abokansa suka tara kuɗi aka yi ginin a filin gidansu aka buɗe a 1941 yana kan mulki, har ofis yake da shi a ciki yana aiki. A 1955 majalisarsu ta mai da abin doka, a gina da kuɗin masoya sannan a miƙa wa hukumar adana takardu ta ƙasa ta riƙe. Daga Hoover zuwa Bush ƙarami guda 13 ne a ƙarƙashinta.

Ba sai kin iya karatu ba Hajiya, abin gani ne. Mutumin shan inna ta kama shi a 1921 yana babba, bai ƙara tafiya da ƙafarsa ba sai da ƙarafa da taimako, amma sau huɗu ana zaɓensa, kuma motarsa Ford tana nan wadda aka yi mata abin tuƙi na hannu zalla, ki sa jikokin su nuna miki. Shi ne shugabansu lokacin yaƙin Hitila, yaƙin da aka kwashi iyayenmu zuwa Bama, sojan da takensu ma da Hausa yake, Kullum Shiri, shi yasa barikin nan ake ce masa Burma Camp. Nimar da kike zaune ma lokacin ta cika, da sojan Amurka suka kafa sansani kusa da filin jirgi mutanenmu suka taho neman aikin wanki da dafa abinci da gadi. Toh kinga ba baƙon labari zaki je gani ba.

Na Kennedy a Bostan yake bakin teku, awa huɗu daga Niyok, ku kwana kar ya ce zai je ya dawo da ke rana ɗaya, gwiwa ba zata yafe ba. An buɗe shi a 1979. Shi ma yana da zare da mu, Nkrumah ya je wajensa a Maris 1961, a Agustan shekarar rukunin farko na matasan Peace Corps, masu aikin sa kai na Amurka, a duk duniya Ghana suka fara sauka suna koyarwa a sakandare, kuma a Disamba Kennedy ya amince da bashin da Amurka ta saka a aikin Akosombo bayan ya daɗe yana jan ƙafa don yana ganin Nkrumah ya karkata wajen Rasha. Wutar da jikarki take cajin waya da ita akwai sa hannun mutumin a tarihinta. Ki ce wa ɗanki ya nemo hoton Nkrumah da Kennedy tun a gida, sun saka da yawa a intanet.

Abu ɗaya da nake so ɗanki ya karanta, don na san shi zai karanta miki wannan. Su ma can ba waliyyai bane. Laburaren Nixon a Kalifoniya, Nixon ɗin nan da ya zo bikin 'yancinmu a 1957 yana mataimakin shugaba, da aka buɗe shi a 1990 masoyansa ne suke riƙe da shi kuma yadda suka bada labarin abin kunyar Watergate kamar maƙiya ne suka yi masa sharri. Sai da gwamnati ta karɓa a 2007 aka rushe ɓangaren aka sake shi a 2011 da muryoyin kaset ɗinsa a ciki. Saboda shi ɗin dai aka yi dokar 1978 wadda tace daga Reagan zuwa gaba takardun shugaba na jama'a ne ba nasa ba, bayan shekara biyar da saukarsa kowa na iya neman a buɗe masa, wasu a riƙe har shekara 12. Wannan shine abin da nake musu hassada a kai, ba gilashi da marmara ba. Mu sai 2019 muka samu dokar neman bayani, kuma takardun Nkrumah na zamansa a Konakiri suna jami'ar Howard a Washintan, ɗan Ghana sai ya nemi biza kafin ya taɓa su.

Ki tafi da takalmi mara tsini da rigar sanyi ko da rani ne don na'urar sanyinsu ba tausayi, ki sa dardumar sallah a mota, kuma ki yi guzurin wake da shito daga Buronks, abincin kan hanyarsu burodi ne da ciz.

TAMBAYA: Kawu kullum kana yabon tarihi. Toh ina laburaren Limann, ko shi ba shugaba bane? Ko sai mai kuɗi? Ɗan Madina.

AMSA: Kai ɗan Madina baka da dama. Shugaba ne mana, Dakta Hilla Limann ɗan Gwollu, daga Satumba 1979 zuwa daren 31 ga Disamba 1981 da Rawlings ya ture shi, ya rasu 1998 ba tare da ya tara abin duniya ba. Kuma rabin tambayarka ka amsa da kanka, irin wannan gini masoya masu aljihu ne suke tada shi ko jam'iyyar da take kan mulki, wanda jam'iyyarsa ta watse sai dai a sa wa makaranta sunansa, shi ma sai daga baya aka sa wa jami'ar fasaha ta Wa. In da gaske kake son takardu ba hoto ba, ofishin adana takardun ƙasa PRAAD yana nan Ankara, laburaren George Padmore da Nkrumah ya kafa a 1961 yana nan, kuma a Legon, ƙofar gidanku, cibiyar nazarin Afirka tana ajiye da rubuce-rubucen Larabci da ajami na malamanmu, har da na Alhaji Umaru na Karachi, bakanon da ya zauna Salaga ya rasu a Kete Krachi a 1934. Daga Madina trotro ɗaya ne, ka sauka a Okponglo ka taka, ka je ranar aiki kafin azahar, in ka dawo ka rubuto min abin da ka gani in saka a nan.